Cinikin biri a sama

  

Maganar da za mu yi a wannan mako wani abokina ne ya kawo mini ita, ba da son ransa ba. Tare muka yi lise, yau ma'aikacin gwamnati ne, yana da ɗa da ke karatu a Faransa. Yaron ya ci jarrabawar ƙarshen shekara, uban ya ji daɗi, ya ce masa ya faɗi abin da yake so. Sai ya ce akwai wani babban bikin kiɗa da waƙa na kwana uku da ake yi a can lokacin hutu, abokan karatunsa duk sun sayi tikiti, shi kaɗai ya rage. Tikitin kuwa ya ƙare a hannun masu shirya bikin tun watanni da suka wuce, amma ya haɗu da wata mata a Facebook wadda ta ce ta sayi nata, sai mahaifiyarta ta kwanta asibiti, zuwa ba zai yiwu ba, don haka za ta sayar a kan yuro 150, ƙasa da yadda ta saya. Ta aiko da hoton tikitin, ta aiko da hoton rasit, har da hoton katinta na ɗan ƙasa don hankali ya kwanta. Uban ya haɗa kuɗin ya tura wa ɗan, ɗan ya tura wa matar. Yuro 150 kusan jikka 100 ke nan na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jikka 42 tun shekarar 2024.

Ranar biki yaron ya hau jirgin ƙasa, ya bi layi har ya iso ƙofa, ya miƙa wayarsa, na'ura ta haska ja. Mai tsaron ƙofa ya duba, ya ce masa tikitin nan na gaskiya ne, amma an riga an shiga da shi tun awa biyu da suka wuce. Da ya koma gefe sai ya tarar da wasu mutum uku suna tsaye, kowane riƙe da tikiti mai lamba ɗaya da tasa. Aka kira matar, waya ba ta shiga. Aka duba shafinta, babu shi babu alamarsa.

Abokina bai yi ta kukan kuɗin ba, mutum ne mai haƙuri. Abin da ya tsaya masa a rai tambaya ce guda, ya maimaita mini ita har sau uku: “To, amma fa ta nuna mana tikitin!” A kan wannan tambaya nake so mu tsaya, domin duk cutar a cikinta take.

Na san wani alhaji zai ce, shi me ya haɗa shi da bikin kiɗa a ƙasar Turawa? Alhaji, kai ba za ka ba, amma kai ne mai biya. Ƴaƴanmu suna Faransa, suna Maroko, suna Gana, suna Abijan, kuma in kuɗi ya salwanta a can, a Maraɗi ko Damagaram ake jin zafinsa.

Tikitin da muka taso muka sani, wato “tike” na tasha ko na ƙofar sinima ko na filin kokowa, takarda ce. Wanda ya riƙe ta shi ke da ita, in ka ba ni ta bar hannunka ke nan. Mai ƙofa ya yage rabi ya ba ka rabi, magana ta ƙare. Na intanet ba haka yake ba. Shi ba takarda ba ne, lamba ce da ke rubuce cikin rajistar masu biki, a kwamfutarsu. Tambarin nan mai kusurwa huɗu, mai zanen baƙi da fari kamar saƙar tabarma, wanda ake kira QR, ba komai ba ne illa wannan lamba, an rubuta ta yadda na'ura za ta iya karantawa. A bakin ƙofa tambaya biyu na'urar ke yi wa rajista: akwai wannan lamba? An riga an shigo da ita? In akwai, kuma ba a shigo da ita ba, sai ta buɗe maka hanya, ta soke lambar nan take. Ba ruwanta da wanda ya biya, ko nawa ya biya, ko wanda ya fi gaskiya. Wanda ya riga isa ƙofa shi ne mai tikiti.

To, mai karatu, ka ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya aiko maka da hoton tikiti bai rabu da komai ba. Nasa yana nan a wayarsa, yana iya aika shi ga mutum goma, ya karɓi kuɗin mutum goma, in ya ga dama ma ya riga su duka shiga ya sha kiɗansa. Wani ma bai taɓa sayen tikitin ba, hoton wani ya ɗauko daga inda mai shi ya baza don alfahari, ya goge suna ya sa wani. Rasit kuwa, yaron da ya iya kwamfuta zai ƙera maka shi kafin shayi ya huce. Mu muna cewa gani ya kori ji. A wannan ciniki gani bai kori komai ba.

Ƴan kasuwa sun fi ni sanin wannan magana, ko da ba su taɓa buɗe intanet ba. A kasuwar dabbobi, mai hankali ba ya sayen sa a hannun baƙo sai da dillali. Ba don dillali ya fi shi sanin sa ba ne. Don dillali yana da rumfa, an san gidansa, an san ubansa, in gobe san ya fito na sata akwai wanda za a riƙe. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan ne. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai ba da bashin buhun gero ga wanda bai san ƙofar gidansa ba, shi ne zai tura jikka 100 ga suna da hoto, don kawai an rubuto masa da ladabi.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka don ba mu waye ba. A watan Afrilu na 2024, bankin Lloyds na Ingila ya ce sama da mutum 600 cikin masu ajiya a wurinsa sun kawo ƙarar an damfare su wajen sayen tikitin wasan mawaƙiyar nan ta Amurka, Taylor Swift. In an raba asarar, kowane ya tashi da fam 332, wato wajen jikka 250, kuma bankin ya ƙiyasta cewa abin da aka kwashe a ƙasar baki ɗaya ya haura fam miliyan 1. Sama da 90 cikin 100 na waɗannan ƙararraki a Facebook cinikin ya faro. Waɗannan mutane ne da aka haifa da kati a aljihu. Da yawansu ma sun ɗauka da aboki ko ɗan'uwa suke ciniki, domin ɓarayin sun koyi sace shafin mutum, su yi talla da sunansa da hotonsa ga waɗanda suka san shi. Saboda haka ko ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya rubuto yana sayar da tikiti, ɗauki waya ka kira lambarsa da ka sani, ka ji muryarsa. Kuɗin kira bai kai na goro ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa tsayawa sayar da tikiti ɗaya ɗaya, kanti guda suke ginawa. Su kwaikwayi shafin masu biki, launi da tambari da hotunan mawaƙa, su sauya harafi ɗaya a cikin adireshin, sa'an nan su biya kuɗin talla don shafinsu ya fito a sama in ka nemi sunan bikin a Google. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ya fito a sama shi ne na gaskiya, alhali sau da yawa wanda ya biya ne. Kafin wasannin Olamfik na Faris a 2024, jandarmomin Faransa sun ce sun gano shafuka 338 da ke sayar da tikiti ba bisa ƙa'ida ba, ga wasannin da shafi ɗaya tak ke da izinin sayarwa. Ɗan kwaɗon nan da ake gani kusa da adireshi, wanda aka koya mana cewa alamar aminci ce, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne ba mai leƙen saƙonka a hanya. Ɓarawo ma yana da kwaɗo a ƙofar gidansa.

Tsakanin ɓarawo da mai gaskiya akwai wasu masu zama a kan iyaka, wato manyan shafukan da ke sake sayar da tikitin da wasu suka saya. Suna da ofis, suna da rajista, amma ba su ne masu biki ba. A 2020 wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci tarar kamfanin Viagogo dalar ƙasar miliyan 7, bayan ta same shi da laifin ruɗin masu saye: yana kiran kansa mai sayarwa na hukuma a tallarsa, yana nuna wa mutane tikiti ya kusa ƙarewa, kuma ba ya bayyana kuɗin da yake ɗorawa sai an yi nisa da ciniki. A Faransa, tun dokar 12 ga Maris 2012, wanda ya mayar da sake sayar da tikitin wasa sana'a ba da izinin mai wasan ba, tararsa ta kai yuro 15.000, kusan miliyan 10 na sefa, in ya sake ta ninka. Wannan ya shafi ɗalibanmu ta wani ɓangaren, domin na ji wasu suna ganin sayen tikiti goma a ɓoye a sayar da tsada dabarar neman kuɗin haya ce. A can ba a kiransa kasuwanci. Mai saye kuma ya sani, masu wasa suna da ikon soke tikitin da aka sayar ta bayan gida. A 2024 masu shirya wasannin ƙungiyar Oasis a Ingila sun ba da sanarwar za su soke wajen tikiti 50.000 da aka baje a irin waɗannan shafuka. Ka biya ninki uku, tikitin na gaske ne, amma ya mutu a aljihunka.

Mafi ban dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne inda tikiti na gaske ne, mai sayarwa shi ne mai biki, amma bikin ne babu. Wani matashi Ba'amurke, Billy McFarland, ya tallata bikin da ya kira Fyre, wanda za a yi a watan Afrilu na 2017 a tsibirin Great Exuma na ƙasar Bahamas. Aka biya shahararrun mata masu tallar kaya suka cika Instagram da labarinsa, aka yi alkawarin gidajen alfarma a bakin teku da abincin manyan masu girki. Ƴaƴan masu kuɗi suka biya, suka hau jirgi, suka sauka suka tarar da tantunan agaji irin na waɗanda bala'i ya raba da gidajensu, da katifu jiƙe da ruwan sama, da burodi da cuku a cikin roba. Cikin manyan mawaƙan da aka tallata ba wanda ya hau dandali. An same shi da laifin cin dala miliyan 26 na masu zuba jari, kuma a watan Oktoba na 2018 aka yanke masa shekara 6. Amma ga abin da nake so a lura da shi: yana kan beli yana jiran hukunci, sai ya sake buɗe wata harka yana sayar da tikitin ƙarya na manyan bukukuwa irin su Coachella, kuma cikin waɗanda ya nema har da mutanen da suka sayi tikitin Fyre, domin sunayensu da adireshinsu suna hannunsa. Wanda aka cuta sau ɗaya sunansa ya shiga littafi. Shi ya sa bayan an yi maka, ba a jimawa wani zai rubuto ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya kuɗin takarda. Su ne dai suka sauya riga.

Masu shirya manyan bukukuwa ba su zauna ba. Bikin Glastonbury, wanda wani manomi mai kiwon shanu, Michael Eavis, ya faro a gonarsa a Ingila a 1970, yau yana tara wajen mutum 200.000. Tun 2007 ba ka sayen tikitinsa sai ka fara yin rajista da hotonka, kuma da hoton ake buga tikitin. Kamfani ɗaya ne ke sayarwa, See Tickets, ba a ba wani, ba a sayar wa wani. Wanda ya fasa zuwa sai ya mayar, masu biki da kansu su sake sayarwa a ranar da suka sanar. Tikitin bikin 2025, mai kuɗi fam 373,50 ban da fam 5 na aiki, ya ƙare cikin ƙasa da minti 40. To, duk wanda ya ce maka yana da na sayarwa, ba sai ka yi bincike ba, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Wasu kamfanonin kuma, kamar Ticketmaster tun 2019, sun fito da tikitin da tambarinsa ke sauyawa bayan ƴan daƙiƙoƙi a cikin wayar mai shi, ta yadda hotonsa ba ya buɗe ƙofa. Irin wannan in za a ba ka shi, ta cikin manhajar kamfanin ake tura shi, ya fita daga sunan mai sayarwa ya shiga naka, lambar da ke hannunsa ta mutu.

A ganina wannan ita ce tambayar da ta isa a yi wa kowane mai sayarwa, kuma ta fi duk hotunan da zai aiko: ta wace hanya tikitin zai fita daga sunanka a rajistar masu biki ya koma nawa? Bukukuwa da dama suna da wurin sake sayarwa nasu, ko wani kamfani da suka amince da shi, kuma suna rubuta sunansa a shafinsu. Mai gaskiya da ya fasa zuwa ba ya ƙin bi ta nan, don shi ma kariyarsa ce. Wanda ya fara kawo dalili, wai suna cire kuɗi da yawa, wai ba lokaci, wai wani yana jira da kuɗi a hannu in ba ka biya cikin minti goma ba, to ka bar wa wancan ɗin. Gaggawar nan da gangan ake hura ta. Araha kuma, a kan tikitin da dubban mutane ke nema ba su samu ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shafin masu biki kuwa, kada a shiga ta hanyar da wani ya turo a WhatsApp. A nemi adireshin a jikin tallar bikin ta asali ko a shafin mawaƙin da kansa, a rubuta shi da hannu.

Sai maganar biya, wadda a nan ne mu mutanen Nijar muka fi rauni. Mun saba da tura kuɗi ta waya da ta kamfanonin aike, kuma sun yi mana rana, ba mai musu. Amma an yi su ne don aika wa wanda ka sani. Da zarar an cire kuɗin a wancan gefe, ya zama tamkar ka miƙa su hannu da hannu ga mutumin da ya rufe fuska. Haka tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, haka katunan nan na sayayya da ake cewa ka kankare ka turo lambar. Katin banki irin na Visa ko Mastercard ya fi, domin in ka biya ba a ba ka kaya ba kana iya kai kuka bankinka ya nemo maka kuɗin daga bankin mai sayarwa. Ba kullum ake dacewa ba, akwai wa'adi, akwai takardu, amma dai ƙofa ce. A PayPal ma hanya biyu ce, ta sayen kaya mai kariya, da ta aika wa dangi da abokai wadda ba ta da ita, kuma ta biyun macuci ke roƙo. Lambar sirrin da banki ke turowa a waya kuwa ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga bankin yake kira. Wanda ya haɗa maka tikiti da alkawarin biza a ciniki ɗaya, wannan ma ba sai mun ɓata tawada a kansa ba. Tikitin biki ba ya buɗe ƙofar ofishin jakadanci.

Na tambayi abokina ko sun kai ƙara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, ya za a yi mutum kamarsa ya je gaban ƴan sanda ya ce an ci kuɗinsa a kan kiɗa? Na gane shi sarai. Da a kan kaya ne aka cuce shi da tuni ya tara jama'a. Amma macutan da wannan kunya suke lissafi, sun san kuɗin bai kai wanda za a tayar da hankali a kansa ba, kuma abin da aka saya ba na faɗa a majalisa ba ne. Alhali hanya tana nan. A Nijar akwai dokar 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet, kuma ƴan sandan bincike a Yamai suna da sashen da ke kula da su. A Faransa, tun 2022, ana iya shigar da ƙarar zambar intanet ta shafin hukuma mai suna THESEE ba tare da an taka ofishin ƴan sanda ba. Abin da ake bukata shi ne kada a goge komai don haushi: saƙonni, lambar waya, lambar asusun da aka tura kuɗi, takardar aike, adireshin shafin. A kuma sanar da banki a ranar, ba bayan mako ba.

Ban yi masa alkawarin kuɗinsa za su dawo ba, don ban ga alama ba. Abin da ya sa na matsa masa daban ne. Cikin hirar ya ambata, kamar ba komai ba, cewa matar ta nemi yaron ya turo hoton fasfo ɗinsa da katinsa na ɗalibi, wai don a sauya suna a kan tikitin, ya kuwa tura. Na ce masa, katin ɗan ƙasan da ta nuna muku, kana tsammani nata ne? Mai yiwuwa na wata baiwar Allah ce da aka yi wa irin wannan kafin ku. Yanzu kuma takardun ɗanka ne a hannunsu, su za a nuna wa na gaba don hankalinsa ya kwanta. Ranar da wani zai zo neman wanda ya cuce shi, suna da hoton da zai kai wa ƴan sanda na ɗanka ne, ɗalibi baƙo mai takardar zama ta shekara ɗaya. A ranar, abin da zai raba shi da wannan magana shi ne takardar ƙara mai kwanan wata, wadda ta riga ta wancan.

A nan gabana ya ɗauki waya ya kira yaron.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.